Sanin Makamar Aiki a Sashen Wasannin Jami'o'in Amurka: Jagora ga Ɗalibin Digiri na Biyu

Sashen wasanni a jami'o'in Amurka ma'aikata ce sukutum a cikin jami'a, mai darakta da akantoci da ofishin sayar da tikiti da jami'an hulɗa da 'yan jarida da ma'aikatan lafiya, kuma a manyan jami'o'i irin su Texas da Ohio State kuɗin da sashen yake kashewa a shekara ya haura dala miliyan 200. A ƙasan wannan tsani na muƙamai akwai wani rukuni na matasa waɗanda suka gama digiri na farko suka shiga na biyu a fannin gudanar da harkokin wasanni, su ne masu neman sanin makamar aiki, waɗanda za a riƙa kira 'yan koyo a wannan jagora. Yarjejeniyar da aka fi yi da su ita ce jami'a ta yafe musu kuɗin makaranta, duka ko wani kaso, ta riƙa ba su ɗan alawus, su kuma su yi wa sashen aikin awa 20 a mako na tsawon shekara biyu; akwai kuma waɗanda aikin wani darasi ne daga cikin darussan digirinsu, na zango ɗaya ko shekara ɗaya, wani lokaci ba tare da ko sisi ba. Karatun wannan fanni ya samo asali ne daga Jami'ar Ohio da ke garin Athens, inda James Mason ya buɗe digiri na biyu na farko a wannan fanni a 1966, bayan Walter O'Malley, mai ƙungiyar besbol ta Dodgers, ya koka da cewa babu makarantar da take horar da waɗanda za su riƙe filayen wasa da kuɗinsu da kwantiraginsu.

Kafin ɗan koyo ya fahimci dalilin ayyukan da za a ɗora masa, wajibi ne ya san hukumar da take shimfiɗa ƙa'idojin, wato NCAA, wadda aka kafa a 1906 bayan mace-macen da aka yi a wasan ƙwallon ƙafar Amurka sun sa Shugaba Theodore Roosevelt ya matsa wa jami'o'i su gyara wasan. Hedkwatarta tana Indiyanapolis, jami'o'i da kwalejoji kusan 1,100 ne mambobinta, 'yan wasan da suke ƙarƙashinta sun kai kimanin rabin miliyan, kuma tun 1973 ta kasa makarantun gida uku: rukuni na ɗaya na masu kuɗi da manyan filaye, na biyu na matsakaita, na uku kuma na waɗanda ba sa ba da tallafin karatu saboda wasa. Wannan rabo yana shafar irin abin da ɗan koyo zai koya fiye da yadda masu nema suke zato, domin a babbar jami'a mai ɗaruruwan ma'aikata ana iya kafe shi a kan aiki guda, kamar tsara kujerun masu ba da gudummawa, har ya gama bai taɓa ganin yadda ake ƙulla kwantiragin wasa ba, alhali a ƙaramar kwaleji ta rukuni na uku shi ne mai buɗe fili, shi ne mai karɓar alƙalan wasa, shi ne mai rubuta rahoto bayan an tashi. Sunan babbar jami'a yana da amfani a takardar neman aiki, wannan gaskiya ne, amma wanda yake son ya san sana'ar daga tushe ya fi samun rabonsa a inda hannu ya yi kaɗan.

Ofisoshin sashen sun kasu biyu bisa al'ada. Na ciki su ne masu kula da 'yan wasa da kayan aiki da filaye da kasafin kuɗi da bin ƙa'ida, na waje kuwa su ne masu fuskantar jama'a, wato talla da tikiti da yaɗa labarai da neman gudummawa daga tsofaffin ɗalibai. Akan ajiye ɗan koyo a ofishi ɗaya, amma ranar wasa kowa na kowa ne.

Shekarar aiki tana farawa ne a watan Agusta, kafin ɗalibai su dawo, lokacin da 'yan ƙwallon ƙafa da 'yan ƙwallon raga suke sansanin share fage, kuma makonnin farko na ɗan koyo sukan tafi ne a karɓar makullai da katin shiga, da zaman sauraron ƙa'idoji, da haddace sunayen mutane. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin mai gadin ƙofa da mai gyaran ciyawar fili da mai wankin riguna su ne suke fitar da mutum kunya ranar da wani abu ya lalace, kuma wanda bai gaishe su a Agusta ba zai sha wuyar neman alfarmarsu a Nuwamba. Ranar aiki ta yau da kullum takan fara da duba imel da jadawalin filaye, a ga wace ƙungiya ce take da zauren motsa jiki da ƙarfe nawa, ko an sami karo tsakanin 'yan kwando maza da mata. A farkon mako ake zaman ma'aikata inda ake bitar wasannin da suka wuce da tsara masu zuwa. Da rana ake atisaye. Darussan digiri na biyu kuwa galibi da yamma ake yin su, sau da yawa zama ɗaya mai tsawon awa uku a mako ga kowane darasi, domin an san ɗaliban suna aiki da rana. Wasanni suna zuwa ne bisa yanayin shekara, na kaka su miƙa wa na hunturu, na hunturu su miƙa wa na bazara, kuma watannin da suka fi nauyi su ne Nuwamba da Fabrairu zuwa Maris, lokacin da kakar wasu ba ta ƙare ba ta wasu ta shigo, har a iya samun wasa huɗu ko biyar a harabar jami'a tsakanin Juma'a da Lahadi.

Ofishin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne na kiyaye ƙa'ida, domin a nan ne ake ganin ainihin abin da sana'ar ta ginu a kai, wato ƙidaya da ajiye shaida. Ƙa'idar rukuni na ɗaya ta ce a lokacin kakar wasa ba za a sa ɗan wasa aikin da koci ya wajabta ba fiye da awa 4 a rana da awa 20 a mako, kuma dole a ba shi hutun yini guda a kowane mako. Idan ba lokacin kaka ba ne, awa 8 ne iyaka. Abin da ake ƙirgawa ya haɗa da atisaye da ɗaga ƙarfe da kallon bidiyon wasa tare da koci da duk taron da aka tilasta, ranar gasa kuma ana lissafa ta awa 3 ko da an wuni a fili, amma tafiya da jinya da atisayen ganin dama ba sa shiga lissafi. Kowane mako masu horaswa suna shigar da awoyin a manhaja, wasu daga cikin 'yan wasa su tabbatar, ɗan koyo kuma ya bi ya duba, ya tuna wa wanda bai shigar ba, wani lokaci ya je bakin fili da agogo ya ga ko abin da aka rubuta ya yi daidai da abin da aka yi. Wurin da rigima take ɓuya shi ne kalmar ganin dama, domin atisayen da aka ce na ganin dama ne amma mataimakin koci yana tsaye yana rubuta sunan wanda bai zo ba ya tashi daga ganin dama, ya zama wajibi, kuma dole a ƙirga shi.

Aikin yana da gundura, kuma yana sa matashi ɗan shekara 23 ya riƙa bin kocin da albashinsa ya ninka alawus ɗinsa sau ɗari yana neman takarda, amma tarihi ya nuna abin da sakaci da shi yake jawowa. A 2009 wata jarida a Detroit ta ba da rahoton cewa ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta Jami'ar Michigan tana wuce awoyin da aka yarda, bincike ya gano cewa an daɗe ba a miƙa takardun ƙidayar awoyi a kan lokaci ba, a 2010 aka sa jami'ar a ƙarƙashin sa ido na shekara uku, kuma cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da wani ɗalibi mai taya koci aiki wanda aka samu da faɗa wa masu bincike abin da ba gaskiya ba, ya rasa aikinsa. Darasin da ɗan koyo zai ɗauka a nan shi ne hukumar ta fi tsananta wa mai ɓoye kuskure fiye da mai kuskuren, kuma tsarin ma an gina shi ne a kan jami'a ta kai rahoton kanta: an kasa laifuffuka mataki uku, mafi yawansu ƙanana ne na mataki na uku waɗanda ake rubutawa a aika a wuce, muddin an faɗa da wuri. Bayan wannan akwai dalilin da ya fi tsoron hukunci nauyi, shi ne waɗannan awoyi 20 su ne katangar da ta rage tsakanin ɗan wasa da karatunsa, kuma idan mai ƙidaya ya kau da kai babu wani da zai tsaya masa.

Ƙidaya ta biyu ita ce ta cancanta, wato tabbatar da cewa ɗan wasa ɗalibi ne na gaskiya kafin ya sa riga. Dole ya kasance yana ɗauke da darussan da suka kai awa 12 a zango, dole kuma ya cika kashi 40 cikin ɗari na digirinsa kafin ya shiga shekara ta uku, kashi 60 kafin ta huɗu, kashi 80 kafin ta biyar. Ɗalibin da ya ajiye darasi ɗaya ranar Alhamis ya sauko ƙasa da awa 12, ya kuma buga wasa ranar Asabar, ya jawo wa ƙungiyarsa matsalar da za ta iya kai wa ga soke nasara, shi ya sa ake duba rajista kullum a lokacin kaka. Haka nan akwai abin da ake kira ƙarin alfarma, ma'ana duk wani amfani da ma'aikaci ko mai goyon baya ya ba ɗan wasa wanda ƙa'ida ba ta yarda da shi ba kuma sauran ɗalibai ba sa samu, kamar rancen kuɗi ko aron mota ko rubuta masa aikin gida. Wanda ya taso a inda kyauta da taimako suke cikin mutunci zai ji wannan ƙa'ida da nauyi, domin hana ɗan'uwa rancen abin da bai taka kara ya karya ba yana kama da rowa, amma hanyar da ta dace ita ce ya kai shi ofishin da yake da asusun taimakon ɗalibai 'yan wasa, inda za a biya buƙatar a rubuce ba tare da an jefa cancantarsa cikin haɗari ba.

Wannan fage ya sauya ƙwarai a 'yan shekarun nan, har littattafan da aka rubuta kafin 2018 sun zama tarihi a wasu babukan. A Oktoban 2018 aka buɗe rumbun sauya sheƙa, wato rajistar intanet da ake shigar da sunan ɗan wasan da yake son komawa wata jami'a, kuma ofishin kiyaye ƙa'ida ne yake shigar da shi cikin kwanakin aiki biyu. A ranar 1 ga Yulin 2021 aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi don a yi talla da sunansu da hotonsu. A Yunin 2025 kuma mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun ƙarar da ake kira House, wanda ya tanadi biyan tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, ya kuma ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ga ɗan koyo wannan yana nufin ƙarin takardu, domin duk cinikin talla da ya kai dala 600 sai an kai rahotonsa. Yana kuma nufin kula ta musamman da 'yan wasan ƙasashen waje, waɗanda Afirka ta Yamma ta daɗe tana turawa, tun daga Hakeem Olajuwon a Jami'ar Houston a farkon shekarun 1980 har zuwa Tobi Amusan da ta ci gasar tseren tsallake shinge ta ƙasa a 2017 tana Jami'ar Texas ta El Paso: bizar ɗalibi ta F-1 ta taƙaita aikin da mai ita zai yi a cikin Amurka, saboda haka tallan da ya halatta ga abokin wasansa Ba'amurke yana iya jefa zamansa cikin matsala, kuma amsar da ta dace daga bakin ɗan koyo ita ce a je ofishin ɗalibai baƙi kafin a sa hannu a kan komai.

Ranar wasa ita ce abin da jama'a suke gani, kuma ita ce take jawo yawancin matasa zuwa wannan sana'a, sai dai wanda yake aiki a cikinta ba kasafai yake kallon wasan ba. Idan wasan kwando na ƙarfe 7 na dare ne, ma'aikata suna zaure tun da rana: a janyo kujerun 'yan kallo, a gwada allon maki da agogon daƙiƙa 30 da yake saman kwando, a gwada lasifika, a jera teburin masu ƙididdiga, a sa ruwa da tawul a ɗakin baƙi da na alƙalan wasa, a raba oba-oba ga ma'aikata kowa da tasharsa. Ƙungiyar baƙi tana da lokacin da aka ware mata na gwada fili, kuma akan ba ɗan koyo aikin tarbarta daga bakin mota har ɗakin sauya kaya. Alƙalan wasa kuwa ana raka su shiga da fita, ba a barin kowa ya tare su da magana. A wata ƙofa ta daban akwai teburin baƙin 'yan wasa, inda ƙa'ida ta ba kowane ɗan wasa damar shigar da mutum huɗu kyauta, ba a ba su tikiti a hannu don kada a sayar, sai dai kowane baƙo ya nuna katin shaida ya sa hannu a gaban sunansa. A wannan tebur ne ɗan koyo yake fara koyon cewa a'a cikin ladabi, domin ba a rasa kawun da ya yi tafiyar awa biyar amma sunansa ba ya cikin jerin, kuma abin yi shi ne a kira babba ta oba-oba, ba a ƙara suna da biro ba.

Abin da yake riƙe da daren duka shi ne takardar tsarin shiri, wadda aka rubuta minti bayan minti: lokacin buɗe ƙofa, lokacin taken ƙasa, lokacin kiran sunayen 'yan wasa, da abin da za a yi a kowane hutu. A wasan maza da ake nunawa a talabijin ana tsayawa don talla da zarar ƙwallo ta mutu bayan agogo ya sauko ƙasa da minti 16 da 12 da 8 da 4 a kowane rabi, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan hutu an riga an sayar da shi ga wani kamfani, wannan na gasar jefa ƙwallo ga ɗan kallo, wancan na karrama wani tsohon ɗalibi. Ɗan koyo na sashen talla shi ne yake nemo wanda zai fito, ya tsayar da shi a bakin fili minti biyu kafin lokaci, ya shigar da shi ya fitar da shi kafin alƙali ya busa, sannan ya ɗauki hoto ya ajiye, domin a ƙarshen kaka kamfanin zai nemi shaidar cewa an yi abin da ya biya. Bayan an tashi, 'yan kallo sun watse, sai a shiga lissafin tikiti da kuɗi, a kai takardar ƙididdiga ga masu horaswa da 'yan jarida, a shirya zauren ganawa da manema labarai, a naɗe kaya, wani lokaci a juya filin gaba ɗaya don wasan kokawa ko na raga na washegari. Sha biyun dare ba baƙon lokacin tashi ba ne. A wasan ƙwallon ƙafar Amurka abin ya ninka haka nesa ba kusa ba, tun da filin Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum 107,601, adadin da ya fi na mazauna garuruwa da yawa.

Akwai ɓangaren aikin da ya shafi rai kai tsaye, kuma ko da ɗan koyo ba ma'aikacin lafiya ba ne dole ya haddace shi. Kowane fili yana da rubutaccen tsarin gaggawa wanda ya faɗi wa zai kira motar asibiti, ta wace ƙofa za ta shigo, wa yake riƙe da makullin ƙofar, a ina na'urar farfaɗo da zuciya take, kuma sau da yawa mai makullin nan ɗan koyo ne. Idan aka ga walƙiya a kusa ana dakatar da wasan waje a kwashe mutane, ba a komawa sai an yi minti 30 ba a sake gani ko jin tsawa ba, duk sabuwar walƙiya kuma tana mayar da ƙidayar farko. Game da zafi, rasuwar Jordan McNair, ɗan shekara 19 a Jami'ar Maryland, wanda zafi ya buge a atisayen 29 ga Mayun 2018 ya cika bayan mako biyu, ta zama abin da ake karantarwa, domin bincike ya nuna an yi jinkirin kiran agaji kuma ba a tsoma shi a ruwan ƙanƙara ba, alhali wannan ne maganin farko; shi ya sa cika baho da ruwa da ƙanƙara kafin atisayen Agusta aiki ne da ba a ɗaga wa ƙafa. Haka kuma tun 2010 rukuni na ɗaya ya shigo da gwajin sikila ga 'yan wasa, saboda mai nau'in jini AS, wanda lafiyarsa ƙalau a rayuwar yau da kullum, yana iya faɗuwa idan aka matsa masa da gudu mai tsanani babu hutu, musamman cikin zafi ko a wuri mai tudu. Ba a hana shi wasa, ana dai ƙara masa nauyin atisaye sannu a hankali, a bar shi ya tsaya idan ya ji alama.

Tafiye-tafiye da kuɗi ba su buƙatar dogon bayani, illa a ce aikin rasit ne da haƙuri: odar mota da ɗakunan otal, jerin masu kwana ɗaki ɗaya, kuɗin abincin kowane ɗan wasa da sa hannunsa, wasiƙar neman uzuri zuwa ga malamai, da daidaita lissafi cikin kwanakin da ofishin kuɗi ya yanke. Tun da jami'o'in gaɓar yamma huɗu suka shiga ƙawancen Big Ten a 2024, wasan mako na iya zama tafiyar ƙetare ƙasar daga wannan teku zuwa wancan. A nan ma akwai ƙidayar da ba a gani, domin dokar 1972 da aka fi sani da Sashe na Tara ta haramta bambanci tsakanin maza da mata a makarantun da suke karɓar kuɗin tarayya, kuma ana auna bin ta har a irin otal da motar da aka ba kowace ƙungiya, da lokacin atisaye, da yawan tallan da aka yi wa wasanninta.

Riƙon sirri shi ne jarrabawar da ba a sanar da ranarta. Ɗan koyo yana ganin makin 'yan wasa, wanda dokar 1974 ta kare sirrin bayanan ɗalibai ta hana bayyanawa, yana kuma sanin wa ya ji rauni a atisayen Laraba tun kafin 'yan jarida su sani. Tun da Kotun Ƙoli ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni a 2018 wannan labari ya zama abin sayarwa, kuma a 2023 Jami'ar Alabama ta kori kocin besbol ɗinta bayan an gano ya ba wani mai caca labarin cikin gida kafin wasa. An haramta wa ma'aikatan sashe yin caca a kan wasannin jami'o'i da ba da labari ga masu yi, kuma abokin da ya aiko saƙo yana tambayar ko wane zai buga gobe ba lallai ne don ƙauna yake tambaya ba. Akwai kuma batun tazara tsakanin ɗan koyo da 'yan wasa, waɗanda sa'o'insa ne, wasu ma ajinsu ɗaya a bara. Yanzu shi ma'aikaci ne, kuma a yawancin jami'o'i idan ɗaliba ko ɗalibi ya faɗa masa an ci zarafinsa wajibi ne ya kai maganar ofishin da aka tanada, saboda haka bai kamata ya yi alkawarin rufe bakin da ba zai iya cikawa ba.

Wani abin da ya cancanci a faɗe shi a fili shi ne mutumin da yake ƙirga awa 20 na 'yan wasa sau da yawa babu mai ƙirga nasa awa 20. A makonnin da wasanni suka haɗu aikin yakan ninka abin da takarda ta ce, al'adar sana'ar kuma tana ɗaukar ƙorafi a matsayin rashin himma, ga shi masu neman gurbin suna da yawa. Wannan ba daidai ba ne, kuma yana rufe ƙofa ga 'ya'yan marasa hali waɗanda ba su da mai tallafa musu idan alawus ya gaza kuɗin haya. Abin da ɗan koyo zai iya yi shi ne ya tambayi sharuɗɗa a rubuce tun kafin ya karɓa, wato ko yafewar ta haɗa da ƙananan kuɗaɗen rajista da inshorar lafiya, ko ana biya a watannin hutun ƙarshen shekara, ko ana rama makon da ya yi nauyi da mai sauƙi. Sannan ya buɗe nasa littafin awoyi, ya riƙa nuna wa mai kula da shi a zamansu na mako, cikin natsuwa, tun abin bai zama rigima ba. Ga ɗalibi baƙo mai bizar F-1 wannan ya wuce batun gajiya, domin doka ta iyakance masa aikin harabar jami'a zuwa awa 20 a mako muddin ana karatu. Karatun kansa ma yana da haƙƙi, tun da gurbin yakan dogara ne a kan riƙe matsakaicin maki, galibi 3.0, kuma wanda ya faɗi ƙasa da shi ya rasa aikin da digirin a lokaci guda. Musulmi kuma zai kyauta wa kansa idan ya gabatar da maganar sallar Juma'a da azumi tun makon farko, a sa su cikin jadawali, maimakon ya riƙa neman izini ana tsakiyar shirin wasa.

Shekara ta biyu ta neman aiki ce, kuma guraben sukan buɗe ne daga Maris zuwa Yuli, lokacin da kaka take ƙarewa ma'aikata suke sauya wuri. Sana'ar ƙarama ce, daraktoci sun san juna ta ƙungiyarsu ta NACDA da aka kafa a 1965 wadda take taro kowane Yuni, kuma kiran waya ɗaya daga mai kula da ɗan koyo ya fi doguwar takarda tasiri. Abin da ake so a ji daga mai nema shi ne aikin da ya riƙe da kansa daga farko har ƙarshe, ko gasar guje-guje ta yini biyu ce ko tsarin tikitin ɗalibai, da adadin da zai iya karewa idan an tambaye shi, saboda haka yana da kyau ya roƙi a damƙa masa ƙaramin wasa ɗaya ya zama nasa tun shekarar farko. Ɗalibi baƙo yana da damar aikin wata 12 bayan kammalawa, kuma ana iya shigar da takardar neman izinin tun kwana 90 kafin ranar gamawa. Kafin ya miƙa makullai a watan Mayu, aikin ƙarshe da ake sa ran zai yi shi ne rubuta kundin miƙa aiki ga wanda zai gaje shi a Agusta: jadawalin abin da ake yi kowane wata, lambobin masu motoci da masu abinci, ƙofar da makullinta yake cijewa, kocin da sai an tuna masa takardar awoyi sau biyu, da wurin da aka ajiye bahon ƙanƙara.